Aikin da Mai Saye Ba Ya Iya Dubawa: Riƙon Amana a Sana'ar Kiɗa da ta Kwamfuta

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ya haɗa mai kiɗa da injiniyan manhaja ta fuskar riƙon amanar sana'a. Ta bi wasu badaƙaloli da shari'o'i, da kuma wasu ayyukan kirki, da suka faru a Ingila, Jamus, Amurka da Japan, sannan ta leƙa situdiyoyin Kano da Sakkwato a inda alaƙar ta taɓa su. Hujjar da take kafawa ita ce, sana'o'in biyu suna sayar da abin da mai saye ba shi da halin bincikawa, don haka kasuwarsu ta dogara ne ga maganar wanda ya yi aikin da hannunsa.

Gabatarwa

A watan Fabrairun 2007 wani mai sha'awar kiɗan fiyano a jihar New York ya saka faifan CD a kwamfutarsa. A jikin kwalin an rubuta sunan Joyce Hatto, 'yar Ingila, tana kaɗa wasu kiɗe-kiɗe masu wuyar gaske na Franz Liszt. Manhajar iTunes, wadda ke tambayar rumbun bayanai na Gracenote sunan duk faifan da aka saka mata, sai ta nuna wani suna daban: László Simon, ɗan ƙasar Hungary, wanda kamfanin BIS na Sweden ya fitar da faifansa shekaru da dama kafin nan.

Gracenote ba ta jin kiɗa. Yawan waƙoƙin da ke kan faifai da tsawon kowace ɗaya take dubawa, ta nemo wanda ya yi daidai da wannan lissafi a rumbunta. Wannan ɗan lissafi ne ya tona abin da ya shige wa manyan masu sharhin kiɗa duhu. Hatto ta rasu a watan Yunin 2006, jaridun Landan kuma suka yi mata ta'aziyya da irin yabon da ake yi wa gwanayen ƙarni. Tun 1976 ba a sake ganin ta tana kiɗa a gaban jama'a ba, aka ce ciwon daji ne ya tsare ta a gida, amma ƙaramin kamfanin mijinta, William Barrington-Coupe, ya yi ta fitar da faya-fayai da sunanta har suka haura 100. Da mujallar Gramophone ta sa injiniyan sauti Andrew Rose ya jera zanen sautin faifanta kusa da na Simon, sai aka ga abu ɗaya ne. Daga nan aka shiga bin sauran ɗaya bayan ɗaya, ana gano masu su. Har mai jagorantar makaɗan da aka rubuta sunansa a wasu faya-fayan, babu wanda ya taɓa ganin sa.

Aikin mijin ba na ɗan koyo ba ne. Yakan ɗauki faifan wani, ya ƙara masa sauri ko ya rage ba tare da sautin ya hau ko ya sauka ba, ya canza amon ɗakin da aka naɗa, sannan ya buga sunan matarsa. Ya yi nasara har an samu mai sharhin da ya taɓa kushe wani faifai a lokacin da yake ɗauke da sunan mai shi, ya dawo ya yaba shi da ya fito da sunan Hatto. Daga baya Barrington-Coupe ya amsa laifinsa a wasiƙar da ya aika wa shugaban BIS, yana cewa da toshe wuraren da nishin ciwonta ya shiga faifai ya fara, abin ya zarce. Ba a gurfanar da shi a kotu ba.

Labarin ya nuna ginshiƙin wannan maƙala. Wanda ya sayi faifai ba ya cikin situdiyo sa'ad da aka naɗa, wanda ya sauke manhaja a wayarsa kuma ba zai iya karanta umarnin da aka rubuta a cikinta ba. Likita yana da majalisar da za ta soke lasisinsa idan ya ci amana, lauya ma haka. Mai haɗa kiɗa da mai rubuta manhaja kuwa, a aikace, kwamfutar tafi-da-gidanka ce kaɗai takardar shaidarsu, kuma gobe suna iya canza suna su ci gaba. Ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM tana da kundin ɗa'a da ta zartar a 1992, ta sabunta a 2018, wanda ya yi magana a kan gaskiya da girmama aikin wasu da ƙin shiga na'urar mutum ba da izini ba. Kundi ne mai kyau, sai dai iyakacin hukuncinsa korar mutum daga ƙungiya.

Muryar wa ake ji

A watan Yulin 1989, ana tsakiyar wasa a garin Bristol na jihar Connecticut, na'urar da ke kunna waƙar ƙungiyar Milli Vanilli ta maƙale, ta yi ta maimaita gaɓa ɗaya. Rob Pilatus, ɗaya daga cikin mawaƙan ƙungiyar biyu, ya ɗan ci gaba da rawa, sannan ya ruga ya bar dandalin. Jama'a ba su damu ba. A farkon 1990 shi da abokinsa Fab Morvan suka karɓi lambar Grammy ta sababbin mawaƙa, faifansu kuma ya sayar da miliyoyi a Amurka. A watan Nuwamba na wannan shekarar mai shirya musu waƙa, Bajamushe Frank Farian, ya faɗa wa 'yan jarida cewa samarin ba su rera ko baiti ɗaya a faifan ba. Muryoyin na wasu ne, cikinsu har da Charles Shaw da John Davis da Brad Howell. Cikin 'yan kwanaki aka karɓe lambar, daga baya kuma kotu ta amince da shirin mayar wa masu saye wani abu daga kuɗinsu.

Bahaushen da ya tashi da kallon fim ɗin Indiya zai iya tambaya, to mene ne abin tashin hankali? Ai kowa ya san jarumar da ke motsa baki ba ita ke rerawa ba, Lata Mangeshkar ce ko Asha Bhosle. A finafinan Kano ma haka tsarin yake, mai kallo yana ganin fuskar jaruma yana kuma gane muryar Fati Nijar, yana ganin jarumi yana jin Nura M. Inuwa, babu wanda ya ce an cuce shi. Na'urar ɗaya ce, aikin ɗaya ne, amma a Mumbai da Kano an gaya wa mai saye abin da yake saye, a faifan Amurka kuwa an buga cewa Pilatus da Morvan ne suka rera. Ko a Indiya ma sai da aka yi gwagwarmaya kafin a kai ga haka. Waƙar da ta fito da Lata a fim ɗin Mahal na 1949, sunan jarumar cikin labarin aka buga a faifanta.

Wannan bambanci ne ya kamata a auna Auto-Tune da shi, tunda har yau wasu dattawan masu sauraro suna ɗaukar ta a matsayin algus. Wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, mutum ne da ya yi rayuwa a sana'o'in biyu. Mai busa sarewa ne tun yana yaro, ya yi digirin digirgir a injiniyancin lantarki, ya yi wa kamfanin mai na Exxon aikin fassara amon da ake aikawa cikin ƙasa don gano inda mai yake kwance. Lissafin da ke gano maimaituwar amo a ƙarƙashin ƙasa shi ya juya ya koma gano matakin muryar mawaƙi, ya ja ta zuwa inda ya kamata ta tsaya. Kamfaninsa na Antares ya fitar da manhajar a 1997. An yi ta ne don gyaran da kunne ba zai kama ba, kuma a haka situdiyoyi suka fara amfani da ita, shiru.

A 1998 masu shirya waƙar Cher mai suna Believe suka murɗa ta har ƙarshe, muryar ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki da gangan. Abin dariya shi ne, da wata mujallar injiniyoyin sauti ta tambaye su yadda suka yi, wata na'ura daban suka ambata, don kada abokan sana'a su gane sirrin. A ra'ayin wannan maƙala, waƙar ba ta yaudari kowa ba, domin duk mai kunne ya ji inji a cikinta. Amsar da aka ba mujallar ita ce ƙaryar. Haka T-Pain, wanda aka daɗe ana yi wa gori da Auto-Tune, bai taɓa ɓoye ta ba, kuma a 2014 ya zauna a ofishin rediyon NPR ya rera waƙoƙinsa da muryarsa tsura, masu gorin suka yi tsit.

Sunan wanda ya yi aikin

Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Kamfanin Motown na Detroit ya shafe shekarun 1960 yana fitar da waƙoƙin da suka mamaye rediyo, kuma kusan duk ƙungiyar makaɗa ɗaya ce ke zaune a ɗan ƙaramin situdiyonsa tana kaɗa su. Ana kiran su Funk Brothers, cikinsu akwai James Jamerson, mai jitar da ake koyar da salonsa a makarantun kiɗa a yau. Ba a buga sunayensu a kwalin faifai ba sai a 1971, a What's Going On na Marvin Gaye.

Shekara takwas bayan haka irin wannan rigima ta tashi a Atari, kamfanin wasannin bidiyo na California. A lokacin mutum ɗaya ne ke rubuta wasa guda daga farko har ƙarshe, da zanensa da sautinsa, amma manufar kamfanin ita ce kada sunan kowa ya fito, don kada wasu kamfanoni su zawarce shi. A 1979 masu rubuta manhaja huɗu, David Crane, Alan Miller, Bob Whitehead da Larry Kaplan, suka nemi a riƙa sa sunansu a kuma ba su kaso daga ciniki. Shugaban kamfanin, Ray Kassar, ya ƙi, kuma kamar yadda suka ba da labari daga baya, ya nuna musu cewa ba su fi mai haɗa kaya a layin masana'anta daraja ba. Suka fice suka kafa Activision a wannan shekarar.

Wanda suka ɗauko ya shugabance su shi ne abin lura. Jim Levy daga harkar faya-fayan waƙa ya fito, kuma tsarin da ya sani shi ya kawo. Kowane wasan Activision ya riƙa zuwa da sunan wanda ya rubuta shi, da hotonsa, da 'yar wasiƙa daga gare shi zuwa ga mai wasa. Al'adar da makaɗa suka sha wuya kafin su samu, ita aka ɗauka aka kai wa injiniyoyi. Wani ma'aikacin Atari kuwa, Warren Robinett, wata hanya ya bi. A wasan Adventure, wanda ya fito a 1980, ya gina wani ɓoyayyen ɗaki da ba a shiga sai an ɗauko wani ɗigo ɗaya tak daga wani lungu, a cikin ɗakin kuma ya rubuta sunansa. Bai gaya wa kowa ba. Sai bayan ya bar kamfanin wani yaro ya gano ɗakin ya rubuto wasiƙa.

Mawaƙan Hausa sun daɗe da tasu dabarar. Makaɗan gargajiya sukan kira sunan ɗan amshi ko mai kalangu a tsakiyar waƙa, mawaƙan situdiyo na yau kuma sukan ambaci mai kiɗa da sunan situdiyon kafin waƙa ta ƙare. Wasu na ganin abin a matsayin talla ko cika baiti. Amma waƙar da ke yawo daga waya zuwa waya, ko ta shagon masu tura waƙoƙi a memori, ba ta da kwali ballantana a buga suna. Fayil ɗin kan iso da sunan da mai shago ya ga dama ya sa masa. A irin wannan kasuwa, sunan da aka rera a cikin waƙar shi kaɗai ke kaiwa ƙarshen tafiya.

Mdou Moctar, Ba'abzine mai kaɗa jita daga Nijar, shaida ne. A 2008 ya zo Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a situdiyon da ke aiki da salon waƙoƙin fim ɗin Hausa, da Auto-Tune da gangar inji. Faifan bai fita ta hannun wani kamfani ba, ya dai bazu ta wayoyi har arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya kwafi ɗaya daga cikin waƙoƙin a garin Kidal, tare da wasu da dama da babu cikakken bayanin masu su. Yana iya buga su ya sayar, babu mai tuhumar sa. Sai ya tsaya neman mawaƙan ɗaya bayan ɗaya, kuma da faifan Music from Saharan Cellphones ya fito a 2011, an tsara fiye da rabin kuɗin ya koma gare su. Daga wannan nema ne hulɗarsa da Moctar ta fara, wadda ta kai mawaƙin ga zagayen Turai da Amurka.

A kwatanta wannan da Solomon Linda na Afirka ta Kudu, wanda ya naɗi Mbube a 1939, kamfanin Gallo ya mallaki waƙar a kan 'yan sulalla. Ta rikiɗa ta zama The Lion Sleeps Tonight, ta shiga fim ɗin Disney, shi kuwa ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006 aka yi sulhu da 'ya'yansa.

Abin da aka binne a ciki

A ranar 31 ga Oktoban 2005 masanin manhajar Windows, Mark Russinovich, ya bayyana wani abu da ya tsinta a kwamfutarsa. Yana gwada wata manhaja da ya rubuta don farautar ɓoyayyun shirye-shirye irin na 'yan kutse, sai ta nuna masa wasu fayiloli da tsarin kwamfutar kansa ba ya gani. Ya bi sawunsu har ya kai ga wani faifan waƙa da ya saya da kuɗinsa, na kamfanin Sony BMG. Faifan yana ɗauke da wata manhaja mai suna XCP, wadda wani kamfanin Ingila, First 4 Internet, ya rubuta don hana kwafi. Da zarar an amince da kunna faifan, sai ta shige can cikin tsarin kwamfutar ta ɓuya, ta kuma ɓoye duk fayil ɗin da sunansa ya fara da wasu haruffa na musamman. Masu rubuta ƙwayoyin cutar kwamfuta ba su ɓata lokaci ba, suka fara sa wa nasu fayilolin waɗannan haruffa. Wanda ya yi ƙoƙarin cire ta da kansa kuma yana iya rasa amfanin na'urarsa ta karanta faifan CD gaba ɗaya.

Martanin farko na kamfanin ya ƙara dagula lamarin. Wani babban jami'insa ya faɗa a rediyo cewa yawancin mutane ba su ma san irin wannan manhaja ba, don haka me zai dame su. Wato jahilcin mai saye, wanda shi ne dalilin da ya sa ake buƙatar amana tun farko, shi aka mayar hujjar cin ta. Manhajar cirewa da suka fara bayarwa ita ma ta buɗe wata ƙofar kutse. Jihar Texas ta kai ƙara, aka janye faya-fayan daga kasuwa, a 2007 kuma kamfanin ya amince da hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka zai biya har dala 150 ga wanda kwamfutarsa ta lalace. Masu bincike sun ƙara gano wani abin kunya: a cikin manhajar da aka rubuta don kare haƙƙin mallaka akwai sassan da aka ɗebo daga LAME, wata manhajar kyauta ta sarrafa MP3, ba tare da an cika sharuɗɗan lasisinta ba.

Wani ne ya zauna ya rubuta wannan umarni na ɓuya, yana sane da abin da yake yi. Haka ma a Volkswagen. A watan Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sanar cewa motocin dizal na kamfanin suna ɗauke da manhajar da ke gane lokacin da ake gwada su, ta hanyar lura da abubuwa kamar gudu da rashin motsin sitiyari. A ɗakin gwaji sai injin ya rage hayaƙi, a kan titi kuma ya saki iskar gas mai cutarwa har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Mudu biyu ke nan, ɗaya na ranar da sarkin kasuwa ke zagaye, ɗaya na sauran ranaku. Masu bincike na Jami'ar West Virginia ne suka fara ganin giɓin a 2014, da suka ɗaura na'urar awo a bayan mota suka hau titi. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa.

Wanda aka fara yanke wa hukuncin ɗauri a Amurka injiniyan kamfanin ne, James Liang. Lauyoyinsa sun ce ma'aikaci ne mai biyayya, ba shi ya kitsa shirin ba, kuma ya ba masu bincike haɗin kai. A watan Agustan 2017 alƙali a Detroit ya ɗaure shi wata 40, fiye da abin da masu gabatar da ƙara suka nema, da tarar dala 200,000. Tsohon shugaban Audi, reshen Volkswagen, wato Rupert Stadler, ɗaurin je-ka-gyara-halinka ya samu a Munich a 2023. A ɓangaren waƙa ma rabon bai bambanta sosai ba. Farian, wanda tun a ƙungiyar Boney M. yake rera muryar namiji wani na motsa baki a dandali, ya ci gaba da sana'arsa har rasuwarsa a 2024. Pilatus bai sake farfaɗowa ba, an tsinci gawarsa a wani otal kusa da Frankfurt a 1998. Rabon bai yi adalci ba, amma matashin da ke shiga ɗaya daga cikin sana'o'in nan gara ya san da shi tun wuri: “Oga ne ya sa ni” ba ta cika fitar da mai hannu a aiki ba.

Masu kunne

Akwai ɗaya fuskar, wadda ba ta cika shiga jarida ba saboda babu wanda ya cutu. Lokacin da Karlheinz Brandenburg da abokan aikinsa a cibiyar Fraunhofer ta Erlangen ke gina tsarin da ya zama MP3, dabararsu ita ce zubar da sassan sautin da kunnen ɗan Adam ba ya kamawa. Tsarin yana aiki lafiya a kan yawancin kiɗe-kiɗe. Sai Brandenburg ya gwada shi da Tom's Diner ta Suzanne Vega, murya ce zalla babu kiɗa, ya ji ta fito a gurɓace. Bai ajiye waƙar gefe ya gabatar da sakamakon da ya yi masa daɗi ba. Ya mayar da ita ma'auninsa, ya saurare ta ɗaruruwan lokuta, ana gyara lissafin har muryar ta daidaita.

Irin wannan kunne ne ya ceci intanet daga wani babban bala'i a watan Maris na 2024. Andres Freund, injiniya a Microsoft da ke aiki a kan rumbun bayanai na PostgreSQL, ya lura cewa shiga wata na'urarsa ta nesa yana cin ƙarfin kwamfuta fiye da kima, yana kuma jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Mutum dubu za su wuce wannan ba su waiwaya ba. Shi ya tsaya ya tona, ya gano ƙofar sirri da aka dasa a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayiloli da ke cikin kusan kowace na'ura mai tsarin Linux. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakon ɗan sa-kai da ke kula da manhajar, yana gyare-gyare na gaskiya, har aka miƙa masa makulli. Amanar da ya tara ita ce makaminsa, kuma an kama abin ne kafin ya shiga manyan sigogin da kamfanoni ke amfani da su.

Misali mafi girma na riƙon amana tsakanin sana'o'in biyu shi ne MIDI. A farkon shekarun 1980 kowane kamfanin kayan kiɗan lantarki yana da nasa tsarin, na'urar wannan ba ta jin maganar ta wancan. Dave Smith na Sequential Circuits a California da Ikutaro Kakehashi, tsohon mai gyaran agogo da ya kafa Roland a Osaka a 1972, suka jagoranci samar da harshe ɗaya. A watan Janairun 1983, a wani bajekoli a California, aka haɗa na'urorin kamfanonin biyu, Prophet-600 da Jupiter-6, da waya ɗaya, aka danna wannan, wancan ya amsa. Ba su nemi ko kwabo daga masu amfani da tsarin ba. Shi ya sa fiyanon Yamaha da ke situdiyon Titin Gidan Zu a Kano yake magana da kwamfutar da ke gefensa ba tare da an biya wani lasisi ba. An ba Smith da Kakehashi Grammy ta fasaha a 2013. A 2015 kuma Yamaha, wanda ya mallaki sunan Sequential tun bayan rushewar kamfanin, ya mayar wa Smith sunansa, da ƙarfafawar Kakehashi, abokin gasarsa.

Inda aka kwana

Yanzu sana'o'in biyu sun haɗe a kwamfuta ɗaya, ha'incinsu ma haka. A watan Satumban 2024 masu gabatar da ƙara na tarayya a New York suka tuhumi wani mawaƙi daga North Carolina, Michael Smith, da samar da ɗaruruwan dubban waƙoƙi ta hanyar ƙirƙirarriyar basira, sannan ya sa dubban asusun bogi suna kunna su dare da rana a Spotify da Apple Music da sauransu. Takardar tuhumar ta ce ya kwashi fiye da dala miliyan 10. An rarraba kunnawar a kan waƙoƙi masu yawa ne don kada wata guda ta yi fice ta ja hankali. Waɗannan dandamali kuwa tara kuɗin wata suke yi wuri ɗaya su raba gwargwadon yawan saurare, saboda haka duk kunnawar bogi daga rabon mawaƙin gaske ake yanko ta, ko yana Atlanta ko yana Kaduna. Mawaƙin da ke biyan wani ya “ɗaga masa lambobi” ya san daga aljihun wa ake cirewa.

Najeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, wadda ta tanadi haƙƙin a ambaci mai aiki da sunansa, da haƙƙin masu rerawa da kaɗawa, da hanyar neman a sauke aikin da aka sata daga intanet. Doka tana aiki ne da shaida, situdiyoyi da yawa kuwa har yanzu da baki ake ƙulla magana, sai waƙa ta yi kasuwa a fara musun wa ya kawo kari, wa ya rubuta baiti.

Kiran wannan maƙala ga sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'inmu shi ne su koyar da shari'ar Liang da badaƙalar Sony BMG a cikin darasin rubuta manhaja kansa, a daina barin su ga lacca ɗaya ta ƙarshen zango. Ga masu situdiyo kuma, kafin kowa ya bar ɗaki a rubuta a takarda ɗaya wanda ya rubuta, wanda ya rera, wanda ya kaɗa, wanda ya tace, da kason kowa, a sa hannu, sannan a shigar da sunayen cikin fayil ɗin kafin a tura shi ko'ina. Gurbin rubuta sunan mawaƙi yana cikin fayil ɗin MP3 tun 1996, na mai tsara kiɗa da sauran ma'aikata kuma tun 1998.